Haɗin Hajiya Tani

Tun da Mu'minat ta idar da sallar asuba take zaune gaban madubi, hawaye na bin kumatunta. Saura wata guda da 'yan kwanaki a ɗaura aurenta da Muhsin, ga fuska ta feso da ƙuraje tun daga goshi har haɓa, wasu jajaye, wasu sun ɗuri ruwa.

"Umma, zo ki gani! Wallahi jiya babu waɗannan na gefen hancin!"

Umma Hannatu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta duba, ta yi salati.

"Ki daure ki ci gaba da shafawa. Hajiya ta ce dattin ciki ne yake fitowa."

Hajiya Tani ita ce mahaifiyar Muhsin, matar ɗaya daga cikin manyan masu kawo shanu Anacha. Tana da wata al'ada da ba ta wasa da ita: duk amaryar da za ta shigo gidanta sai ta aiko mata da kwano guda na haɗin da ta gada wajen kakarta a Daura. Man kaɗanya ne da man shanu da zuma, sai wasu saiwoyi da ko mijinta ba ta taɓa faɗa wa sunansu ba. Kwana arba'in ake shafawa, safe da rana da dare, daga goshi har tafin ƙafa. Surukanta biyu sun shafa sun yi luwai-luwai, saboda haka wa ya isa ya ce uffan?

To amma Mu'minat haifaffiyar unguwar Fegge ce a nan Anacha, kuma tun tana sakandare fuskarta ke naso da maiƙo. Ga zufar Anacha, wadda mutum ke fitowa daga wanka yana neman wani wankan. Kwana goma kacal ta yi tana lafta haɗin fuskar ta rikice.

Labari ba ya kwana a unguwa. Kafin azahar saƙon Hajiya ya iso: haɗinta bai taɓa ƙin jikin mai lafiya ba, don haka a ɗaga biki har a gano abin da ke cikin jinin yarinyar. Umma ta zauna daɓas a kan tabarma, don ta san irin wannan ɗagawa ƙanwar fasawa ce.

Mu'minat na cikin kuka wayarta ta yi ƙara. Muhsin ne.

"Abeg, ki daina kukan nan. Ni fa ba fuska zan aura ba."

"To me za ka aura? Ƙeya?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

"Na durƙusa na roƙi Hajiya, ta ba mu sati uku. Ta ce da ƙafarta za ta zo ta gani. Mu'minat, ba zan iya ɗaga wa mahaifiyata murya ba, ke ma kin sani. Kuma ba zan iya rabuwa da ke ba. Ki taya ni addu'a kawai."

Washegari da hantsi okada ya sauke Sharifa a ƙofar gida. Yayar Mu'minat ce, nas a wani asibiti a Inugu, tana aure can a unguwar Abakpa Nike, kuma ita ce mai bakin gidan. Ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe kwanon ta sunsuna.

"Chineke! Umma, wannan ai sai dai a zuba a tuwo!"

"Ke Sharifa, ki kiyayi bakinki. Kayan surukai ne."

"Ban ce ba shi da kyau ba, Umma. Wa aka ba, shi ne maganar."

Ta sa Mu'minat ta wanke fuska da ruwa zalla, ta hana ta shafa komai har awa guda. Sannan ta yago tishu ta danna mata a goshi da hanci da kumatu, ta ɗaga shi saitin taga. Takardar ta jiƙe da mai har ana hango haske ta cikinta.

"Kin gani? Fuskarki da kanta take yin mai, ke kuma kina ƙara mata na shanu, ƙofofin gashi suka toshe. Fata iri-iri ce. Ta Umma busasshiya ce, da ita aka ba da ta gode. Tawa kuwa raba gardama, goshi da hanci maiƙo, kumatu a bushe, kowane sai na bi shi da nasa. Akwai kuma mai saurin fushi, ko turare ta ji sai ta yi ja."

"To ni yaya zan yi, Yaya? In na daina, Hajiya za ta ce na raina ta."

"Wa ya ce ki daina? Ki shafa a ƙafa da gwiwa da hannu, can ne gidansa. Fuska kuwa ki bar min ita."

Tsarin da Sharifa ta gindaya ba shi da yawa. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi marar ƙamshi, ban da soso, ban da dirza. Bayan nan ɗan mai marar nauyi, wanda fata ke shanyewa nan take. Da safe a ɗora man kare zafin rana ko da tsakar gida za a fita. Rigar filo a canza ta duk kwana uku.

"Kuma in na ji kin matse ƙurji ko ɗaya, I swear, daga Inugu zan taso in mare ki!"

Satin farko babu abin da ya canza, sai ma wasu biyu da suka ƙaru. Mu'minat ta kira yayarta tana kuka, ita kuwa ta ce fata ba ta san gaggawa ba, a ci gaba. A sati na biyu jan ya fara lafawa. Ranar da ta shafa goshinta ta ji shi sumul, sai da ta yi sujada a tsakar ɗaki. Kafin sati na uku ya cika ƙurajen sun kwanta, saura 'yan tabo da suke dusashewa.

Ranar Asabar Hajiya Tani ta iso, 'yar autarta Bara'atu na biye da ita ɗauke da sabon kwano. Budurwa ce 'yar shekara goma sha bakwai, ta ja mayafi har kan hanci. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da kasuwa da mutanen Arewa, Mu'minat ta shigo ta durƙusa. Hajiya ta kama haɓarta ta juya dama, ta juya hagu, sai fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi! Ba na faɗa muku ba? Dattin ya gama fita! Biki yana nan a ranarsa." Ta juya kan 'yarta. "Ke kuma kin gani, mai taurin kai? Shekara biyu ina fama da ke, kina shafawa kina ƙunƙuni. Daga yau sau huɗu za ki riƙa shafawa!"

Umma ta sauke ajiyar zuciya, ta yi wa Mu'minat ido alamar ta tashi ta fice tun ana shaida. Da ta tashi a lokacin, da shi ke nan, aure ya tsira. Amma mayafin Bara'atu ya zame, Mu'minat ta ga fuskar yarinyar cike da ƙuraje, ta ga idonta ya cika da ƙwalla. Ta san wannan kukan, kwanan nan ta gama yin irinsa. Sai ta gyara durƙuso.

"Hajiya, ki gafarce ni. Sati uku ke nan ban sa haɗin a fuskata ba."

Umma ta dafe ƙirji.

"Me kika ce?" in ji Hajiya.

"Ban zubar ba, wallahi, kuma ban raina ba. Duba nan, Hajiya." Ta miƙa hannayenta, ta ɗan janye zani daga dugaduganta. "Da kaushi gare ni kamar na mai tallan gyaɗa, haɗinki ne ya gyara min. Fuskar ce kawai ba ta ɗauka, don mai maiƙo ce. Ina jin ta Bara'atu ma haka take. Na ji tsoron in shiga gidanki da ƙarya a bakina."

Hajiya ta miƙe tsaye, tana neman takalmi. Bara'atu ce ta riƙe mata gefen zani tana kuka.

"Hajiya, don Allah a gwada! Ko makaranta kunyar zuwa nake ji, suna ce min mai fuskar gurasa!"

Uwa dai uwa ce. Hajiya ta koma ta zauna, fuska a ɗaure, ta tambayi yadda za a gwada. Mu'minat ta faɗa mata gwajin tishun da Sharifa ta yi mata, sai ta ce a kawo ruwa. Ita da 'yarta suka wanke fuska, aka zauna zaman awa guda wanda Umma ta ce ya fi mata naƙuda tsawo. Mu'minat ta danna wa kowacce tishu a fuska. Na Hajiya ya fito a bushe ƙamas, na Bara'atu kuwa sharkaf da mai.

Hajiya ta daɗe tana kallon takardun nan biyu a tafin hannunta. Can ta jawo 'yarta jikinta.

"Ashe ni nake cutar da ke, auta? Shekara biyu ina zagin ki a kan laifina." Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi Umma. "Hannatu, kin yi tarbiyya. Yarinyar nan ta ga aurenta a hannu, ta ajiye shi don ta ceci 'yata. A bar biki a ranarsa. In ma da hali a matso da shi!"

Umma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta Inyamurai suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Mu'minat kuwa ta zauna a wurin tana dariya tana hawaye.

Aka ɗaura aure a ranar da aka sa, mahauta da 'yan shanu daga kasuwar Head Bridge suka cika layin maƙil. Dama an ce abincin wani gubar wani, kuma ba a fata kaɗai abin ya tsaya ba. Haƙuri ne ya gyara wa Mu'minat fuska, amma gaskiyar da ta faɗa cikin ladabi, a ranar da shiru ya fi mata sauƙi, ita ta sa ta shiga gidan Hajiya Tani a matsayin 'ya.