Intakular Motar Manoman Augie

Ranar Asabar da hantsi, a garejin kanikawa da ke bayan Nasarawa a Birnin Kebbi, aka ɗaga murfin injin wata farar mota, sai kowa ya matso. Har mai shayi ya bar tukunyarsa ya leƙo.

Motar ta ƙungiyar manoman shinkafa ce na wani ƙauye bayan Augie, irin mai shan gas ɗin nan da ke ja da ƙafa huɗu. Ita ke fito musu da buhuna daga fadama, ita ke kai mai naƙuda asibiti in ruwa ya cinye hanya. Ranar Laraba Rabi'u bakanike ya ɗaura mata sabuwar intakula fil. Ga shi kwana uku kacal ta dawo tana rarrafe, tana tusar baƙin hayaƙi kamar an cinna wa taya wuta.

Malam Ladan, shugaban garejin, ya sa farce ya karci intakular. Fenti ya ɓare. Tsohuwa ce tukuf, an shafe ta da fenti ruwan azurfa, ga huda a gindinta an liƙe da gam, gam ɗin ya ɗaga.

"Rabi'u, wagga ce sabuwar?"

"Wallahi Baba, ba ita na sa ba."

"To aljanu sunka sa ta? Ka yi wa gyatuma kwalliya ka ba bayin Allah a matsayin amarya!"

Kowa a garejin ya san abin da ke cin Malam Ladan. Shekara biyu ke nan masu manyan motoci na wuce rumfarsa su tsaya ta Rabi'u, shi yana zaune yana korar ƙuda. Nan take ya ɗauko kwaɗo ya garƙame rumfar, ya ce ranar Litinin za a yi taro a kore shi. Bakaniken da aka kora da sunan sata kuwa, ko keke ba mai sake ba shi gyara a garin nan.

Rabi'u bai tsaya rantse-rantse ba. Ya hau babur ya tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. Aka haɗo shi da Saje Ɗayyaba, wata 'yar siririya mai magana a hankali, wadda in ta kalli mutum sai ya fara tuno laifin da ya yi bara.

Ta zagaya motar sau ɗaya, ta tsaya gaban injin.

"Malam Rabi'u, ni ban san ƙarfe ba. Mi wannan abu ke yi?"

"Ranki ya daɗe, tobo shi ke cusa iska cikin inji. To iskar da zafi take fitowa. Intakula ita ke huce ta kafin ta shiga. In ta huje, iska ta tsere, gas ba ya ƙonewa daidai. Sai hayaƙi, sai kasala."

"Ita kuma mi ke huce ta?"

"Iskar hanya, ta wannan bakin da ke saman murfi. Amma motar ga cikin laka take aiki, a giya ɗaya, tafiyar kunkuru, iska ba ta shiga. Shi ya sa na kai sabuwar wurin mai walda ya yi mata kunnuwa huɗu, na ɗaura fanka a ƙarƙashinta da noti."

Saje ta sa aka kwance intakular aka kifa ta. Babu kunne ko ɗaya. Fankar na nan, amma da wani koren zare aka ɗaure ta, ƙulli huɗu. Ba ta kwance ba. Ta karɓi reza ta yanko guda da ƙullinsa, ta naɗe a hankici.

Mai walda ya tabbatar ya yi wa sabuwar intakula kunnuwa ranar Laraba da safe. Malam Ladan ya ce wannan ba hujja ba ce, ai ana iya yin kunnuwa a saida abu da rana. Saje ta ce, "Gaskiyarka, Baba," ta juya wurin direban motar.

Sunansa Maigandi, ƙato ne mai ƙaramar murya, tun ɗazu gumi yake yi alhali yana cikin inuwa.

"Yaushe ta fara hayaƙi?"

"Jiya Juma'a, da la'asar, da na baro Argungu. Na ɗauka gas ne mara kyau."

"Laraba da Alhamis fa?"

"Kamar doki, ranki ya daɗe. Buhu ashirin na fito da shi daga laka, ko tari ba ta yi ba."

"A Argungu ina ka aje ta?"

"Bayan masallaci."

"Makulli?"

"Aljihuna."

"Wa ya wanke ta? Na ga har cikin tayoyi fes."

Maigandi ya kau da kai. "Ni."

Saje ta miƙa masa guntun igiya ta nuna wani kwali. "Taimaka ka ɗaure min wannan." Ya murɗa igiyar ya cusa bakinta ƙarƙashi, ɗaurin damin shinkafa sak. Ta ba Rabi'u. Shi kuwa ya yi ta dagula igiyar har ya ce, "Ranki ya daɗe, ba waya a kusa?" Kanikawa suka fashe da dariya. Saje ba ta yi ba. Ta ce su biyun su shiga mota, Argungu za a je.

Sun isa bayan azahar. Ta bar su gindin wata bishiya, ta jefa mayafi a kan kayan aikinta, ta shiga layin masu suyar kifi. Can ta zauna gaban Inna Sadatu, wadda ta shekara talatin a bakin kasko, kuma babu auren da aka ɗaura ko aka kashe a Argungu ba ta ji ƙanshinsa tun yana ɗanye ba.

Saje ta sayi tarwaɗa, ta yaba yajin, sannan ta buɗe hankicin.

Inna Sadatu ta ɗaga zaren ta kalla. "Ɗiyata, ina kika samo zaren taru? Wanga ai ƙullin masunta ne. In kin ja shi, ƙara cijewa yake. Mijina, Allah jiƙan rai, har zariyar wandonsa haka yake ƙullawa, sai da wuƙa."

"Bakanike zai iya shi?"

"Sai in uwarsa a cikin jirgi ta haife shi."

Saje ta ci gaba da cin kifinta. Mai son jin labari gara ya cika bakinsa, ya bar kunne a buɗe. Ba a jima ba Inna Sadatu ta ɗauko da kanta.

"Kin ma yi sa'a yau kika zo. Da shekaranjiya ce, da toka za ki ci. Motar Alhaji Abdussamadu dillalin kifi, sati biyu tana bi ta nan tana yi muna turare, kifi ya koma baƙi, mayafi ya koma baƙi. Mun zagi direban, mun zagi kakarsa. Sai jiya da marece ta wuce shiru, kamar wadda ta tuba."

"Wace irin mota ce?"

"Irin ta manoman Augie ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Wadda ƙaton nan ke ja, mai zuwa zance wurin bazawarar bayan kasuwa. Jiya ma tun hantsi yake can. Ya fito ya yi Juma'a ya koma. Akushi biyu anka shiga da su, ni ba ruwana."

Saje ta biya, ta koma gindin bishiya.

"Malam Maigandi, tuwon ya yi daɗi?"

Ƙaton ya durƙushe kamar an sare shi. "Don Allah ranki ya daɗe, kar shugaban ƙungiya ya ji. An hana ni ba kowa makulli."

"Wa ka ba?"

"Hodi. Abokina ne, direban Alhaji Abdussamadu. Shi ya ce in kawo ya kai ta bakin gulbi ya wanke min, tunda zai wanke tasu. Ni ko na ga ba kyau in je zance da mota duk laka."

Suka sami Hodi a ƙofar gidan Alhaji yana loda akwatunan ƙanƙara a bayan mota. Akwatunan duk an shafe su da fenti ruwan azurfa, sabo, yana ɗaukar ido. Hodi gajere ne mai faɗin kafaɗa. Da ya ga Maigandi sai fara'arsa ta tsaya rabi.

Saje ta gaishe shi da ladabi. Ta miƙa masa ƙunshin kifin da ta sayo. "Malam, taimaka ka ɗaure min, kar mai ya ɓata min kaya."

Hodi ya zaro koren zare daga aljihu. Hannunsa ya yi aikin kafin kansa ya yi tunani. Saje ta karɓa, ta buɗe hankici, ta jera ƙulli biyun a kan murfin mota. Alhaji Abdussamadu ya fito yana gyara hula yana tambayar lafiya.

"Lafiya lau, Alhaji. So nake a buɗe min injin nan."

Aka buɗe. Sabuwar intakula na zaune a sama tana ƙyalli. Rabi'u ya zura hannu ƙarƙashinta ya lalubo, sai ya rufe ido.

"Ga su nan. Kunnuwa huɗu, ba komai a jikinsu."

Alhaji ya dubi direbansa. "Hodi, ba ce min ka yi gas ne ya ƙi, ka canza gidan mai ta warke ba?"

Hodi ya zauna a ƙasa. Da ƙyar maganar ta fito. Sati biyu da suka wuce ya yi karambanin gyara wani abu a injin, sukudireba ta kuɓuce ta huda intakular. Alhaji ya taɓa cewa in ya ƙara ɓarna ɗaya sai ya karɓe makulli. Shi kuwa Hodi ya bar kamun kifi ne saboda gulbi ya daina ciyar da gida, ga 'ya'ya biyar. Da Maigandi ya zo yana fariyar sabuwar intakula, sai shaiɗan ya zauna masa a kafaɗa. Noti huɗu ne da tiyo biyu. Ya yi fentin tsohuwar tun ranar Alhamis da yamma, ya liƙe hudar, ya jira Juma'a.

"Na zaci gam ɗin zai riƙe ko wata guda," in ji shi. "Ban san wani za a kama ba."

Alhaji ya ce, "Saje, ya aka yi kika gano?"

"Motar da ta yi kwana biyu tana fitar da buhu ashirin daga laka ba hudajjiyar intakula ke jikinta ba, Alhaji. Ke nan ba a gareji aka yi musanyar ba, a Argungu ne. Mai musanyar bai iya barin fanka a yashe ba, don za ta yi ƙara a gane. Tsohuwar kuma ba ta da kunnuwa, dole ya ɗaure da abin da ke aljihunsa, yadda hannunsa ya saba. Bakanike da waya yake ɗauri, manomi murɗawa yake. Saura in nemo masunci mai mota irin wannan. Rana ɗaya wata ta kama hayaƙi, wata ta daina. Masu suya sun fi kowa sanin wadda ta daina."

Alhaji ya fara faɗa, yana cewa a tafi da shi. Rabi'u ne ya tare.

"Alhaji, don Allah. Ni sunana nake nema, kuma na samu. In ya zo gareji ya faɗa da bakinsa gaban mutane, ni na yafe nawa. Taka kuma sai an sa sabuwa, ka kawo in ɗaura maka da fankarta."

Saje ta ce maganar ƙungiyar manoma daban, sai an rubuta, sai kuma abin da suka ce. Manoman da suka ji, suka ce in dai motarsu ta dawo daidai kafin a gama yankan shinkafa, ba su da lokacin zaryar kotu. Hodi zai yi musu dakon buhuna ranakun hutunsa har a gama kaka. Maigandi kuma aka ce ya auri matar nan kowa ya huta.

Ranar Litinin aka yi taron da Malam Ladan ya kira, sai dai ba wanda ya shirya ba. Hodi ya tsaya gaban kanikawa ya faɗi abin da ya yi, kansa a ƙasa. Rabi'u ya mayar da intakular a gaban kowa, ya ɗaure fankar da notinta, ya gyara robar da ke tsakanin bakin murfi da intakula don kar iska ta zille ta gefe. Aka zagaya gari da motar aka dawo, salansa fes.

"Baba, kawo hannunka," in ji Rabi'u.

Ya ɗora hannun Malam Ladan a bututun da ke shiga intakular. Tsoho ya fizge yana yarfewa don zafi. Ya ɗora a wanda ke fita. Wannan karon hannun ya zauna.

"Hm," in ji Malam Ladan. Ya laluba aljihu ya jefa masa makullin kwaɗon. "Ni dama ban ce kai ne ba. Cewa na yi a bincika."

Mai shayi ya ƙware da dariya.

Washegari da sassafe, kafin gareji ya cika, wata tsohuwar mota mai shan gas ta lallaɓo ta bayan katanga, ta tsaya bayan rumfar Rabi'u inda ba a hangowa daga titi. Mai ita ya ja hula har gira, ya ce a duba masa, wai ta ɗan sa hayaƙi, kuma ba sai kowa ya ji ba. Rabi'u ya ce, "To, Baba Ladan."

Kafin azahar labarin ya kai Argungu.