Hannun da Ke Bayan Madubi

"Au, ashe nan ne tafiyar?"

Gwani bai juyo ba. Ko a cikin barci ya ji muryar nan ya san mai ita, kuma da ƙasa za ta yi masa alfarma ta tsage a lokacin, da ya shige har da kujerar da yake kai.

Auta ce tsaye a bayan kafaɗarsa ta hagu, da jakar magani a hannu. Yarinyar da saura wata biyu a ɗaura musu aure ya tura mata saƙo layi uku a waya, wai tafiya ta kama shi, kada ta jira shi. Yau wata biyar ke nan cif.

Shi kuwa matafiyin ga shi zaune a ɗakin gashin ƙashi na asibiti, gaban wani ɗan tebur. An kafa madubi a tsaye ya raba teburin biyu. Hannunsa na hagu yana gaban madubin, na dama yana ɓoye a baya cikin wani ɗan akwati. Daga inda take tsaye hannu biyu take gani a kan tebur, lafiya lau, yatsu goma babu wanda ya yi ciwon kai.

"Magana nake yi, Malam."

Malam. Shi da a da sai dai ya ji "Gwanina".

"Auta... ina kwana?"

"Rana ta yi. Me kake yi a nan?"

To, mai aski ne, ya shekara goma yana zuba wa mutane zance yana sarrafa kawunansu, ƙarya ba ta yi masa wuyar samu ba. Sai dai ta ranar ko ƙaramin yaro ba zai saya ba.

"Madubi na kawo musu. Na bar aski, yanzu harkar madubi nake. Gwadawa nake in ga ko ya zauna daidai."

"Iye. To tashi mu gaisa mana, mai madubi."

"Sai na gama gwajin."

Gaskiyar maganar ita ce, wata safiya yana tsakiyar gyara wa wani ango gashin baki almakashi ya suɓuce ya faɗa cinyar mutumin. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, bakin ya karkace. Hawan jini, in ji likitoci, ga mutum mai shekara talatin da ɗaya. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo sai ɗan ja kaɗan, amma hannun dama ya dunƙule ya ƙi jin magana. Sai ya rufe shago ya tare a gidan yayarsa can wata unguwa, ya sa ta rantse. Kuma matar nan da ko kazarta ta yi ƙwai sai layi ya sani, ta riƙe sirrin wata biyar. Ikon Allah ya fi gaban mamaki.

Ƙarar sanda ya ji a kan siminti, ƙwas, ƙwas, a hankali.

Baban Auta ne, tsohon direban babbar mota, wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye shekara guda da ta wuce. A wani asibitin yake zuwa, ashe ranar aka turo shi nan. Tsohon ya zauna a teburin da ke kusa, ya jingine sanda, ya dubi Gwani. Bai dubi fuskarsa ba. Kafaɗarsa ta dama ya duba, yadda ta ɗan zube ƙasa, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Hanya dai babu gargada?"

Kafin ya nemo amsa likitar ta iso. Wata 'yar gajeruwa ce mai tabarau, marasa lafiya sun sa mata Sajan a bayan idonta, don in ta ce sau ashirin, ko kuka kake yi sai ka cika ashirin. Ta jawo wani madubin ta kafa a gaban tsohon.

"Baba, yau ƙwaƙwalwa za mu yi wa wayo. Shi hannun nan ba shi da laifi, hanyar da ke kawo masa saƙo daga kai ce ta lalace. Za ka riƙa motsa mai lafiyar kana kallon madubi. Ido zai ce wa ƙwaƙwalwa ga ɗayan can yana motsi, ita kuma a hankali sai ta fara neman wata hanyar da za ta kai gare shi."

"Wato gada ta karye, a yi ratse ta cikin ƙauye."

"Ka gama magana. Ba kowa ke samu daidai da wani ba, amma muna ganin amfaninsa. Ciro agogon nan."

"Agogo kuma me ya yi?"

"In madubi ya nuna agogo a hannun da ba ya ɗaura agogo, ƙwaƙwalwa ta gane ƙarya muke mata."

Tsohon ya miƙa wa Auta hannu ta kwance masa agogon. "Ashe ita ma ƙarya sai da shiri," ya ce, yana kallon silin.

Gumi ya tsatso wa Gwani har cikin kunne.

Auta ta juya agogon a tafin hannunta. Muryarta ta yi ƙasa.

"Likita... wanne ake ɓoyewa a bayan madubin?"

"Mai ciwon mana."

Ɗakin ba shiru ya yi ba. Can gefe wata mata tana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, mijinta na ƙirga mata taku. Wani yana fama da ɗaukar murafan kwalba yana jefawa a kofi, an ɗaure masa hannu mai lafiya a cikin safa don kada ya yi satar amfani da shi. Amma Gwani ba ya jin komai sai numfashin Auta a bayansa.

Sajan ba ta san dawar garin ba. Ta waiwayo ta ce, "Malam mai aski, yau na ce za mu haɗa da miƙe yatsun na baya, amma abokiyar aikina ba ta zo ba. Ka jira in gama da Baba."

"A'a, kada a ɓata masa lokaci," in ji tsohon. "Ga Auta nan. Shekara guda ita ke miƙe min nawa, ta fi wasu masu farar riga iyawa."

"Kun san juna ne?"

"Sama-sama."

Sajan ta jawo kujera ta ajiye a ɗaya gefen teburin. "Zauna nan, ƙanwata. In ya buɗe na hagu, ki buɗe masa na dama a hankali, tare. In ya rufe ki rufe. Kai kuma ido a madubi. In na ga ka ɗago, daga farko za mu sake."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ji ta zauna. Ya ji an ɗage ƙyallen da ya rufe bakin akwatin. Ya san abin da take gani: hannu ya rame, yatsu sun lanƙwashe sun cusa kai cikin tafi kamar ƙafar kaza, farce ya yi tsawo don yayarsa tsoron yanke masa take. Hannun da a da in yana aski mutane ke tsayawa a ƙofar shago suna kallo.

Shi kuma an hana shi ɗagowa. Yana kallon kyakkyawan hannu a madubi, ita tana riƙe da na gaskiya.

"Buɗe," ta ce.

Ya buɗe. Ya ji tana jan yatsun ɗaya bayan ɗaya, can nesa-nesa, kamar ta cikin bargo.

"Rufe."

Ya rufe.

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu kafin saƙon."

"Buɗe. Ka san abin da aka ce a unguwarmu?"

"Auta..."

"An ce wata ka samu mai mota. An ce wani abu ka ji a kaina. Gwaggona har gida ta zo ta zaunar da ni, wai in faɗa mata gaskiya tsakanina da Allah, me na yi. Rufe. Wata biyar ina tsayawa gaban madubi ina neman abin da ka gani a jikina ka gudu."

"Wallahi ba ke ba ce."

"Na sani yanzu. Buɗe."

"Na ga yadda kike fama da Baba. Wanka, abinci, asibiti... Na ce ina za ki kai mutum biyu?"

"Ka tambaye ni?"

Ya ƙura wa hannun madubi ido.

"Ba shi ke nan ba," ta ce. "Na san ka. In don wannan ne da ka zo ka faɗa, ka yi ta surutunka har in gaji. Akwai wani abu."

Hannun madubi ya tsaya cak.

"Motsi, Malam mai aski," in ji Sajan daga can, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ya ci gaba. "Ranar da aka sallamo Baba, da na zo gida na yi masa aski... kin rako ni bakin ƙofa. Kin tuna abin da na ce?"

"Na tuna."

"Na ce ni da in zama haka, gara a binne ni." Muryarsa ta karye. "Da wane ido zan dawo gidanku ina jan hannu? Da wane baki zan gaishe shi?"

"Da wanda ka faɗa da shi," in ji tsohon daga teburinsa, idonsa na kan nasa madubin. "Hannu da ƙafa ne suka shanye, ɗan nan. Kunnen yana nan garau."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Gwani ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

"Baba, ku yafe min. Don girman Allah."

"Ta yi min zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma da na yi tunani sai na tuna ni ma da ina kan mota, in na ga gurgu zai tsallaka titi, hon nake danna masa. Lafiya giya ce, kowa ya sha sai ya yi maye." Ya ɗan numfasa, don magana mai tsawo tana gajiyar da shi. "To ga shi ka zama hakan, kuma ba a binne ka ba. Ya ka gani?"

"Ana rayuwa, Baba."

"Ana rayuwa. Ɗago kanka kafin wadda na ji ana ce wa Sajan ta ce a sake daga farko."

"Na ji sunan, Baba," in ji likitar. "Kai ma saura goma."

Gwani ya mayar da ido kan madubi, yana gani dishi-dishi.

"Ni ban ga laifinka a ciwo ba," Auta ta ce a hankali. "Amma ka zauna kai kaɗai ka yanke cewa ni mai gudun wahala ce. Wannan zagi ne, Gwani. Ka zage ni, ka zagi gidan da ya raine ni."

"Likita ta ce ba lallai in sake riƙe almakashi ba."

"Na tambaye ka almakashi? Buɗe."

Ya buɗe. Sai ya ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan hannun, ya sake ɗiga. Hannun da ke cikin madubi a bushe yake ƙayau. Ya so ya ɗago, ya kasa, kuma wannan karon ba tsoron Sajan ba ne.

Da minti ashirin suka cika likitar ta zo ta tsaya a kansu, ta taɓa wuyan hannun, ta lanƙwasa shi sama da ƙasa.

"Yau ya fi saki. Haka nake so a riƙa yi a gida, safe da yamma, kullum. Wa ke taimaka maka?"

"Yayata."

"Wadda ta rako ka rannan? Ai ita matse shi take kamar wanki. A samo mai haƙuri irin wannan."

"Safe da yamma?" Tsohon ya laluɓo sandarsa. "A'a, likita. Yau na kawar da kai ne don aikin asibiti ne. Amma 'yata ba za ta riƙa zarya gidan mutane tana riƙe hannun ƙato sau biyu a rana babu aure ba. Kai, ka turo manyanka cikin satin nan. Ka zo tare da su, da ƙafarka, hannun nan a waje kowa ya gani. Ban da aljihu."

"To, Baba."

Auta ta share ido da gefen mayafinta, ta haɗe rai.

"Baba, ni fa ban ce na haƙura ba."

"Haka ne, ba ki ce ba." Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya gyara tsayuwa. "To likita ta gama tun ɗazu. Sakar masa hannu mu tafi."

Gwani ya ɗago a karon farko ya dube ta ta saman madubin. Idonta ya yi ja, bakinta a tunzure, ta kawar da kai wajen taga kamar ba da ita ake ba.

Sai da tsohon ya kai bakin ƙofa da sandarsa, taku ashirin da wani abu a irin tafiyarsa, sannan ya waiwayo. Ba ta saki ba.