Dutsen Ƙugiya a Tabkin Bayan Gagarawa

Shekarar yunwa ce, 'ya'yana sun kwana biyu ba abinci. Manyan tarwaɗa sun koma ƙasan tabki, sai na ɗaura wa igiyar rama dutse don ƙugiya ta nutse. Da almuru na hau gora ina jan ta.

Wani tsoho ya ɓullo gefena, ruwa iya ƙugunsa a zurfin gaba uku, gemunsa a bushe.

"Dogo, cire dutsen nan. Kana ja mana shi bisa rufi, yara sun kasa barci."

Na ce, "Baba, nawa ma yunwa ta hana su."

"To kawo su, nan akwai abinci."

Ya fara jero sunayensu, har da na jaririyar da sai gobe za a raɗa mata, wanda ko uwarta ban gaya wa ba.