Tikiti Uku Zuwa Jidda

"Jidda?! Ni na ce maka Jidda nake son gani?"

Rumasa'u ta tsaya cak a ƙofar masaukinsu na Umara da ke unguwar Misfala a Makka, tana harar wayar da Abdulganiyyu ya miƙo mata. Tikitin jirgin ƙasa ne guda uku: nata, na Ummanta, da nasa.

"Ruma, rage murya mana, mutane na wucewa..."

"Su wuce! Yau kwana biyar da saukarmu, roƙona ɗaya ne. Ka kai ni bakin katangar maƙabartar da aka binne Babana, in tsaya daga waje in yi masa addu'a. Kullum sai ka ce gobe. Yau kuma ka zo min da yawon buɗe ido?"

Abdulganiyyu ya sunkuyar da kai. Shekararsa huɗu a Makka yana karatun fiƙihu, ranakun hutu kuma yakan raka 'yan Umara Hausawa ziyarar yini ɗaya, shi ne mai yi musu bayani. Saura kwana tara a ɗaura musu aure can gida Zariya. Baffanta Awwal ne waliyyi, don mahaifinta Alhaji Mukhtaru ya rasu a aikin Hajji tun tana 'yar shekara huɗu. Haka ta taso tana ji, haka duk unguwa ke faɗa, har da taya su murna wai ya dace da ƙasa mai tsarki.

"Sanyin idona, ki yarda da ni yau kaɗai. In mun dawo, duk abin da kika ce shi za a yi."

"Kar ka sanyin-idona ni, Malam!"

Umma ce ta fito tana gyara hijabi. Jin ana maganar maƙabarta, sai ta yi wuf ta tari numfashinsu.

"Haba Rumasa'u, bawan Allah ya yi ɗawainiya. Addu'a ai daga ko'ina tana isa. Mu je mu ga teku, ni ban taɓa shiga jirgin ƙasan nan nasu ba."

A tashar Rusaifa suka haɗu da sauran 'yan ziyara, su goma sha huɗu. Aka duba fasfo, aka nuna wa kowa kujerarsa. Jirgin ya ja ba ƙara ba jijjiga, kafin Rumasa'u ta gama gyara zama duwatsun Makka sun fara gudu baya.

Wata dattijuwa 'yar Gusau ta dafe ƙirji. "Wannan jirgi ne ko aljani? Ɗan nan, ce wa direba muna da jikoki!"

Aka yi dariya. Abdulganiyyu bai yi ba. Ya tashi zai yi bayanin tarihin Jidda, sau biyu yana maimaita jimla ɗaya, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ke cikin jirgin. Rumasa'u ta lura, amma fushi bai bar ta ta tambaya ba.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Daga tasha mota ta kwashe su zuwa Balad, tsohon garin Jidda. Dogayen gidaje ne masu tagogin katako da aka sassaƙa kamar zanen hula, lunguna ƙanana, ƙanshin turare da na soyayyen kifi sun cakuɗe. Abdulganiyyu ya nuna musu ƙofar da mahajjata ke bi a zamanin da su nufi Makka a kan raƙuma, aka ɗauki hotuna, 'yar Gusau ta sa aka ɗauke ta har sau uku wai na farko ya fito da ita tsohuwa.

Bayan azahar ya ce kowa ya shiga kasuwa, a haɗu nan da awa ɗaya. Sannan ya juyo.

"Umma, Ruma... akwai wuri ɗaya da ba ya cikin jerin ziyara. Ku biyo ni."

Wani lungu suka shiga, mutum biyu ba sa jerawa. A ƙarshensa akwai shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Wani dattijo baƙi, siriri, yana duƙe a kan keken ɗinki yana rage tsawon farar jallabiya.

"Assalamu alaikum, Baba. Ga su na kawo."

Keken ya tsaya. Dattijon ya ɗago, ya cire tabarau.

Rumasa'u ta kalle shi kamar yadda ake kallon kowane baƙo. Sai ta waiwaya ta ga Ummanta. Umma ba ta yi salati ba, ba ta ja da baya ba, ba ta faɗi ba. Tsayawa ta yi tana ƙare masa kallo, sannan a hankali ta ce:

"Mukhtaru... ashe ka tsufa."

Jakar hannun Rumasa'u ta suɓuce.

"Umma, wa kika ce?"

Umma ta kau da kai.

"Umma! Wane Mukhtarun?!"

Dattijon ya miƙe yana dafa bango. "Rumasa'u... ya binti, 'yata... ke ce kika girma haka?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A'a... a'a! Babana ya rasu! An yi sadakar bakwai, an yi ta arba'in! Umma ta yi takaba! Hotonsa na nan a falo!"

Ta sake kallonsa. Ga goshin nan, ga 'yar wushiryar da take gani a madubi kullum. Ta zube a dakalin shagon.

Abdulganiyyu ya durƙusa nesa kaɗan da ita. "Wata biyu da suka wuce na kawo wando gyara. Muna hira ya ji ni ɗan Zariya ne, na ce masa zan auri 'yar marigayi Alhaji Mukhtaru tela. Sai na ga mutum ya fashe da kuka. Ruma, na rasa yadda zan faɗa miki a waya. Shi kuma ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba zai iya shiga jirgi ko ya wuce shingen Makka ba. Dole ke za ki zo."

Ba ta ko kalle shi ba. Idonta na kan Umma.

"Kin sani."

"Rumasa'u..."

"Kin sani! Ba ki firgita ba! Shekara ashirin kina kallona ina yi wa mai rai addu'ar mamaci!"

Umma ta zauna ita ma, ta rufe fuska da gefen hijabi.

"Wasiƙa ɗaya ya aiko bayan Hajji, wai zai tsaya ya yi aiki shekara guda. Shekara ta wuce, ta biyu ta shiga, shiru. Mata suka fara yi da ni a gidan biki, wai miji ya gudu ya bar ni. Baffanki ya ce a rufa asiri, a ce zazzaɓi ya kama shi a Mina. Daga ranar aka daina nuna ni da baki, aka koma gaishe ni da girma. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa ban sake aure ba?"

Rufin asiri! Kalmar da muke lulluɓe duk wata ɓarna da ita ke nan. Manya su zauna su yanke cewa ƙarya ta fi sauƙi, a kira malamai su ci sadakar mutumin da ke numfashi, a bar yarinya ta tashi da maraicin da ba nata ba, kuma kowa ya kwana lafiya don dai maƙwabta sun yi shiru.

Rumasa'u ta juya ga dattijon. "Kai kuma fa? Hanyar gida ce ta ɓace maka?"

"Kunya, 'yata. Takarduna suka mutu, aikin bai yi albarka ba. Kowace shekara sai in ce baɗi in na samu abin riƙewa. Da labari ya iso min cewa an ce na rasu... wallahi sai na ji sauƙi. Na ce gara haka."

"Ka ji sauƙi?! Ni ranar da aka ce kowa ya zo da babansa makaranta, a bayan aji na ɓuya ina kuka. Kai kana nan kana jin sauƙi!"

Hawaye kawai ke bin furfurar gemunsa.

Abdulganiyyu ya gyara murya. "Umma, ki gafarce ni. Ina son Rumasa'u fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ba zan bari a tsaya a masallaci a ce 'yar marigayi ba, alhali na sha shayi da shi. Uba na raye ba a tsallake shi. Shi zai ba da ita, ko ya wakilta Baffa da bakinsa, a faɗa a gaban shaidu."

Umma ta ɗago a firgice. Yanzu ne tsoro ya bayyana a fuskarta.

"A gaban shaidu? A Zariya? Abdulganiyyu, so kake ka kashe ni? A ce matar da ta yi takabar ƙarya! Ina zan sa kaina?" Ta kamo hannun 'yarta. "Rumasa'u, ni na sha wahalarki ni kaɗai. In kina ƙaunata, ki bar wannan magana a lungun nan. In Abdulganiyyu ba zai iya rufa asirin ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kiran sallar la'asar ya tashi. 'Yan ziyara na can suna jira.

Rumasa'u ta miƙe, ta ɗauki jakarta. Dattijon ya miƙo hannu kamar zai taɓa ta, ya fasa. Ta yi taku uku, ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Kana da waya?"

"Ina da ita, 'yata."

"Ka bar ta a kunne."

A jirgin komawa ta ƙi zama inda tikitinta ya nuna, ta roƙi 'yar Gusau suka yi musanya don ta yi nesa da kowa. Dattijuwar ta dube ta, ta dubi jajayen idanunta, ba ta yi tsokana ba wannan karon.

Jirgi ya bar Jidda. Can sai ga Abdulganiyyu ya zo ya tsaya a gefen kujerarta.

"Ruma..."

"Ka sa mahaifina a cikin yawon buɗe ido, Malam. Tsakanin tsohon gida da kasuwar turare. Ka ba ni awa ɗaya, kamar mai sayen tsaraba!"

"Na yi kuskure. Tsoro nake ji in na faɗa tun a Makka, Umma ta hana ki zuwa."

"Wata biyu kana kirana kullum, kana ce min sanyin ido, kana ɓoye min wannan. Me ya bambanta ka da su?"

"Babu... sai dai ni na kasa ci gaba."

Ta daɗe tana kallon sahara ta taga. Tana son mutumin nan, ko yanzu da take jin kamar ta shaƙe shi. Tana kuma hango Umma can gaba, ta haɗa kai da gwiwa, matar da ta yi ɗinki da kitso ta kai ta har jami'a. Ko ta ɗauki wannan ta ajiye wancan, wani zai yi kuka.

Ta tashi ta je ta durƙusa a gaban kujerar Umma.

"Umma, ba zan bar shi ba. Kuma ba zan shiga gidan aure da sunan marainiya ba. In an yi dariya, tare za a yi mana. Duk wadda ta nuna ki da baki, ni zan tambaye ta ko ita za ta iya riƙe gida shekara ashirin ba miji ba saki."

"Rumasa'u, kar ki yi min haka..."

"Ki yafe min, Ummana."

Ta ciro waya ta kira Baffa Awwal a Zariya. Bugu biyu aka ɗauka.

"Amarya! Ya ibada? An sa mu a addu'a dai ko?"

"Baffa, daga wurin yayanka nake."



"Wane... wane yayan nawa?"

"Mai ɗinki a Jidda. Zai kira ka yau ya ba ka wakilci. Ranar ɗaurin aure kuma kai da bakinka za ka faɗa wa jama'a cewa yana raye. In ba za ka iya ba, ka ba ni lambar liman in faɗa masa da kaina."

"Ke Rumasa'u! Kin san abin da kike shirin jawo mana? Ba ni uwarki!"

Ta miƙa wayar. Umma ta kalle ta kamar garwashi aka miƙo mata. Abdulganiyyu na tsaye a baya. Hasumiyar agogon Harami ta fara bayyana daga nesa, jirgi na rage gudu.

Umma ta karɓa, hawaye na zuba.

"Awwal... na gan shi da idona. Na gaji, wallahi na gaji. Ka yi yadda ta ce."

Ta kashe wayar ta juya fuskarta ga taga. Amma da Rumasa'u ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji an riƙe mata hannu gam.

Abdulganiyyu ya matso, idonsa ya cika. "Ruma, auren yana nan?"

"Yana nan," ta ce tana share fuska da ɗaya hannun. "Amma ban huce ba, Malam. Je ka tara mutanenka, mun iso."