Ina Keken Ɗinkina?

Auta ta tura ƙofar ɗakin ɗinkinta ta tsaya cak. Inda keken yake zama babu komai sai sawun ƙafafunsa da guntayen zare.

"Abban yara, ina kekena?"

Mijinta ya leƙo daga kicin yana sosa ƙeya.

"Na kai shi gidan Yaya. Ki huta mana, farin cikina..."

"Wa ya ce maka na gaji?"

Tana da shekara talatin da huɗu likita ya ce karkarwar hannunta cutar Fakinsin ce, ciwon da ta zaci sai tsofaffi yake kamawa. Tun ranar mijin ya raba ta da wuƙa da murhu, har ɗankwali shi ke ɗaura mata.

"Umma ce ta ga ya dace..."

"Ummanka cewa ta yi kar masu kawo ɗinki su ga hannuna na rawa. Da kunnena na ji. Kai kuma ka ce to."

"Allura ta huda miki yatsa, Auta. Jini fa na gani."

"Tun ina yarinya allura ke huda ni!"

Fushi ya ƙara wa hannun rawa. Ba ta ɓoye shi a mayafi ba, ta ɗaga masa.

"Tare muka shiga wurin likita. Ya ce magani a kan lokaci, motsa jiki, kar in saki sana'ata muddin ina iyawa. A taron masu irin ciwona akwai wani makanike, har yau yana kwance inji. Matarsa sifana take miƙa masa, ba ta kulle garejin ba."

Ya zame ya zauna a bakin ƙofa, idonsa ya kaɗa.

"Tsoro nake ji."

"Ni ce ba na ji? Ciwon nan a hankali yake ƙwace min abubuwa, kai ka riga shi."

Ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

Da yamma keken ya dawo. Ta yi ta fama da zare, ramin allura na guje mata. Mijin yana tsaye, ya danne hannayensa a baya.

"Zura min zaren," ta ce ba ta dube shi ba. "Shi kaɗai."

Ya zura, ya ja baya. Ta taka keken, ɗinkin ya karkace, ta farke ta sake.

"Ban huce ba fa."

"Na sani."

"To ja kujera. Ka tare min haske."