Abokin Hirar Marigayi

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige, Inna na zaune bakin ƙofa tana jiran tirelar da marigayi mijinta ya bar mata. Da motar ta shigo layi, ba kukan da ta sani ta ji ba. Wani siririn kuka ne mai ja, kamar na wanda aka toshe wa baki. Yaya, babban ɗanta, ya sauko duk jikinsa baƙin hayaƙi.

"Inna, ta ƙi hawa tudu. Ko na take ta har ƙasa, nishi kawai take."

Bakanike ya ce tobo ne, katantanwar ƙarfen nan da ke hura wa inji iska. Ya wanke matatar iska, ya ƙara ɗaure tiyo, ya shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa ko zai ga inda iska ke zurarewa. Ba kumfa. Da ya kwance tobon, sai ga baƙin mai ya ƙone a ciki ya zama gawayi. Aka sa sabo. Shi ma bai daɗe ba ya bi sahu.

"Da zafinta kuke kashe ta?" in ji bakanike.

Inna ta ɗauke kai. Ita ta kafa dokar. Marigayi in ya dawo daga tafiya ba ya kashe mota nan take. Sai ya bar injin na gunji a hankali, wai tobo ya huce, shi kuwa yana ciki bakinsa na motsi, har da dariya, abincinta na sandarewa a kwano. Ita da aka daɗe ba a gani ba, ita ce mai jiran ƙarfe ya huce! Ranar da Yaya ya karɓi makulli ta ce, "Kana tsayawa ka kashe. Ba a hira da mota a gidana."

Sai jifa ya fara. Duk magariba tsakuwa na sauka kan kwanon rufi, in an tsinta da zafi kamar daga murhu. Rannan aka nemi Auta, ƙaramar 'yarta, aka same ta ƙarƙashin mota idanu a kafe, wannan siririn kukan na fita daga maƙogwaronta.

Aka kai ta ɗaki, aka kira Malam. Ya zo, ya zauna, ya yi ta karatu har ɗakin ya ɗauki zafi. Can bakin Auta ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Iskar da ke shiga injin nan, a cikinta nake. Ni ne abokin tafiyarsa. In ya tsaya, sai ya jira in fito lafiya, muna hira. Matar nan ta sa ana rufe ni cikin wuta."

"Ka fita, za a riƙa jira," in ji Malam.

"Ba za a jira ba," Inna ta ce. "Ga tsohon tobo can, a kai masa bayan gari ya zauna ciki. Ya bar min 'ya, ya bar min mota, ko tsakuwa ɗaya kada in sake ji."

"Kin cika son banza, matar direba."

"A haka ya aure ni. Saura ɗaya." Ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Me yake gaya maka?"

Dariyar ta fito a hankali. "Abin da bai taɓa gaya miki ba. Zaɓi. In zauna jikin yarinya in riƙa ba ki kaɗan-kaɗan, ko in tafi da shi duka."

Malam ya dubi Inna. Yaya ya dube ta, ya jira, ya ƙara jira, har ya ce, "Inna?"

"Tafi," ta ce.

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, Yaya ya riga ta. Shi ya tallafi kan ƙanwarsa ya ba ta, bayansa juye ga uwarsa.