Silifas ɗin Banɗakin Kuroiwa

Da tsakar ranar Talata Kuroiwa ya faɗo caji ofis ɗin unguwarmu a Osaka yana gumi, ya ce an yi masa sata. Sufeto Shibasaki ya ƙarasa shan shayinsa tukuna.

Kowa ya san Kuroiwa. Ka ranci yen dubu a wurinsa da bazara, kafin sanyi ya shigo ta zama dubu biyar. Jinginar da yake karɓa kuwa hatiminka na sa hannu, wanda duk takardar da aka buga shi a kai ta zama maganarka.

Akwatin hatiman aka ɗauke, guda arba'in da ɗaya, lokacin yana gidan wanka. Abin da ya fi ƙona masa rai, gobe ne zai buga na Otane, mai shagon taliya da mijinta ya mutu ya bar mata bashi, a takardar sayar da shagon.

"Ta yarda ta sayar?" in ji Sufeto.

"Hatiminta ya yarda, ranka ya daɗe."

A gidan, tabarma tas, babu sawu ko ɗaya. A bakin ƙofa ga tsofaffin takalma an goge su, an jera su suna fuskantar waje. Ɓarawon dai mai tarbiyya ne, ya tuɓe kafin ya shiga. Da ya ji motsin mai gida sai ya fita ta tagar banɗaki, sanye da silifas ɗin banɗakin. Sufeto ya nemi takalman don shaida, Kuroiwa ya ce ai sun zama jingina.

Kwana biyu Sufeto yana bin waɗanda ake bi bashi. Otane ta rantse ba ta san komai ba, hatiminta na leƙowa daga aljihunta. Wanzami ya ce nasa kyanwa ce ta kawo. Mutum arba'in, kowa ya samu abinsa, babu wanda ya ga kowa.

Ranar Juma'a aka tsinci ƙunshi a ƙofar Kuroiwa: silifas ɗin a wanke, kwalin alewa, da wasiƙar ban haƙuri ba suna. An naɗe su a ƙyallen ƙunshe kyauta, irin wanda ake mayar wa mai shi. Sufeto ya juya kusurwar, ga suna a ɗinke: Ujihara, tsohon malamin firamare.

Sufeto da Kuroiwa suka same shi zaune da safa. Ya fara cewa an sace masa ƙyallen, kunnuwansa suka yi ja, sai ya haƙura da ƙaryar. Shekara biyu Otane na ciyar da shi ba ta taɓa rubuta masa bashi ba.

"Hatiman ba nasa ba ne, na mayar wa masu su," ya ce. "Silifas ɗin kuwa nasa ne. Kwana uku ban yi barci ba."

"Malam, ka manta sunanka na jikin ƙyallen?" in ji Sufeto.

"Na tuna. To sai in kai wa mutum kaya a jarida?"

Kuroiwa ya ce a ɗaure shi, kuma a lissafa kuɗin ruwa na kwana uku a kan silifas. Sufeto ya miƙa masa takardar ƙara, ya nuna inda mai ƙara ke buga hatimi. Kuroiwa ya sa hannu a aljihu, ya tsaya cak. Nasa ma a akwatin yake kwana.

"Malam, ina na arba'in da ɗayan?"

"Na tsaya a kan gada in karanta sunan da kyau, sai ya suɓuce. Tsufa ne, Sufeto."

Rajistar sabon hatimi kuwa sai wata guda.

Duk da haka Sufeto ya tasa ƙeyar Malam, ya ba shi silifas ɗin da ya riƙo don shaida ya sa, tunda an riƙe takalman. Hanyar caji ofis ta bi ta shagon Otane, kuma an yi dace ta sauke taliya. Ta sa wa ɓarawo ƙwai biyu, Sufeto ɗaya. Wannan kaɗai Sufeto ya rubuta a littafinsa.